Komawa Hawan Dutse Bayan Tiyatar Ƙashin Baya

Duk mai hawan dutse da aka yi wa aiki a ƙashin baya, tun yana kwance a gadon asibiti yake tambayar likita yaushe zai koma bango. Akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan: idan na hau, ta yaya zan sauko? Hawan kansa, muddin a bango miƙaƙƙe ne mai manyan mariƙai, bai cika wahalar da baya ba, domin hannuwa da ƙafafu ne ke raba nauyin. Abin da ke ɓata aikin likita shi ne dirowa, da faɗuwa, da fizgar igiya, da jakar kaya a kafaɗa. A kan haka na gina wannan jagora: a tsara komawa bisa yadda za a dawo ƙasa, daga saukowa mafi laushi zuwa mafi tsanani. Duk wani lokaci da na ambata a nan kintace ne na abin da aka saba gani. Magana ta ƙarshe ta likitan da ya buɗe bayanka ce, shi ya ga abin da ke ciki.

Wane aiki aka yi maka?

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 5 a ƙugu, sai na can ƙasa da suka haɗe wuri guda. A takardar asibiti za ka ga ana yi wa na wuya alama da C, na ƙirji da T, na ƙugu da L, na ƙasa da S. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai shanye jijjiga, kuma waɗanda suka fi yawan fashewa su ne biyun ƙarshe, na tsakanin L4 da L5 da na tsakanin L5 da S1. Ka nemi takardar aikinka ka karanta. Mai hawan da bai san lambar ƙasusuwan da aka taɓa masa ba, bai san inda zai kiyaye ba.

Idan gutsuren faifan da ya ɓullo ya danne jijiya kawai aka cire, raunin ƙarami ne, kuma galibi akan ƙyale mutum ya fara motsa jiki sosai bayan mako 6, wasa kuma wajen wata 3. Sai dai ƙofar da gutsuren ya fito ta nan ba ta toshe kamar da ba. Tsakanin mutum 5 zuwa 15 cikin 100 faifan nasu kan sake ɓullowa, kuma sunkuyo da nauyi a hannu na cikin abin da ake gudu. Idan kuma sassaƙe ƙashi aka yi don a buɗe wa jijiyoyi hanya, lokacin ya danganta da yawan abin da aka sassaƙe.

Aiki na uku, wato haɗe ƙasusuwa biyu ko fiye su zama ɗaya, shi ya fi bukatar haƙuri, kuma shi mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutum ya ga hoton kusoshi da sandunan ƙarfe a bayansa, sai ya ɗauka an gama. Ƙarfen nan kamar katakan da magina ke tokare dekin da su ne kafin kankare ya kama. Ainihin haɗin shi ne sabon ƙashin da jikinka zai gina a kan ɓarɓashin ƙashin da likita ya zuba a wurin, kuma wannan yakan ci wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye. Idan ƙashin bai kama ba, ƙarfen zai yi ta lanƙwasa a hankali har kusa ta saki ko sanda ta karye. Ciwo kan ɗauke tun kafin ƙashi ya kama, shi ya sa daɗin da kake ji a wata na uku ba hujja ba ce. Hoton ƙashi, ko sikanin na CT idan likita ya nema, shi ne hujja.

Abu biyu da ke hannunka suna iya hana ƙashi kamawa. Na farko taba ta kowace iri, sigari ko shisha, domin nikotin na tsuke ƙananan hanyoyin jinin da sabon ƙashi ke rayuwa da su. Na biyu magungunan zogi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda muke saya a kyamis ba tare da takarda ba. Likitoci da yawa kan hana su a watannin farko bayan haɗin ƙashi. Ka tambaya kafin ka haɗiya. Kuma don Allah kada a kai bayan da ke da kusoshi wurin mai ɗori, ko a bari wani ya taka shi da sunan gyara. Sashen gashin ƙashi na babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, shi ne wurin zuwa.

Watannin da babu bango

Dokar makonnin farko uku ce: ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5. A rayuwarmu ta yau da kullum sunkuyo ya fi yawa fiye da yadda muke lura. Alwala a tsugune, wanke ƙafa, masai na tsuguno, shimfiɗa a ƙasa, ruku'u da sujada, duk suna lanƙwasa ƙugu. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen salla a zaune, sai ka karɓi rangwamen har likita ya sake ka. Ka sa kujera a wurin alwala. Idan za ka tashi daga gado, ka mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare, ka sauke ƙafafu, ka tura da hannu. Babur da adaidaita sahu a kan hanya mai ramuka suna dukan baya daga ƙasa zuwa sama, irin dukan da muke gudu a dirowa, don haka a rage su iya yi.

Maganin wannan lokaci tafiya ce da ƙafa, gajera sau da yawa a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan likitan gashi ya ba da dama, sai a shiga ƙarfafa tsokar da ke kewaye da ciki da baya. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo da ke Kanada ya yi suna da atisaye uku da ke ƙarfafa wannan tsoka ba tare da an lanƙwasa baya ba. Ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a naɗe, tafukan hannu a ƙarƙashin ƙugu, ka ɗaga kai da kafaɗu kaɗan kawai. Ka kwanta a gefe, ka dogara kan gwiwar hannu, ka ɗaga kwankwaso jiki ya miƙe sambal. Sai ka yi rarrafe ka miƙa hannun dama da ƙafar hagu, sannan ka sauya. Kowanne a riƙe shi kamar daƙiƙa 10 a sake, a maimaita.

Abin da na fi so mai hawa ya ba wa lokaci shi ne kwankwaso. Duk motsin da kwankwaso ya kasa yi, ƙugu ne ke biya. Wanda gaɓar cinyarsa ta sandare, idan ya ɗaga ƙafa zuwa mataki mai tsawo sai ƙugunsa ya naɗe don ƙafar ta kai. Bayan haɗin ƙashi kuwa, wurin da aka haɗe ba ya motsi, sai faifan da ke sama da shi da na ƙasa da shi su ɗauki aikin, kuma su ne ke saurin lalacewa a shekarun da ke gaba. Ka koyi sunkuyo daga kwankwaso: ka aza sanda a bayanka ta taɓa ƙeya, da tsakanin kafaɗu, da ƙashin da ke saman ɗuwawu, ka tura ɗuwawu baya ka duƙa ba tare da sandar ta rabu da ɗaya daga cikin ukun ba. Da haka za ka ɗauki igiya daga ƙasa, da haka za ka ɗaura takalmi. Kuma ka guji atisayen sunkuyo a sa'ar farko bayan tashi daga barci, domin faifai kan sha ruwa ya kumbura da dare, ya fi saurin rauni da sassafe.

Kafin ka sa ƙafa a bango, ka gwada ƙafar kanta. Jijiyar L5 ce ke ɗaga tafin ƙafa da babban yatsa, ta S1 kuma ita ke tura shi ƙasa, mai hawa kuwa a kan babban yatsa yake tsayawa. Ka yi tafiya a kan diddige. Ka tsaya da ƙafa ɗaya ka yi ɗage sau da dama, ka gwada da ɗayar. Idan ɓangaren da ya yi ciwo ya gaza sosai, ko yatsun a sage suke ba sa jin abin da suka taka, wannan ƙafar za ta zame maka ba zato. Jijiya ta fi fata da tsoka jinkirin warkewa, takan ɗauki watanni masu yawa. Ni a ganina, wanda bai iya tafiyar sa'a guda ba tare da zogi ya sauka cinya ba, lokacin hawa bai yi masa ba.

Igiyar sama tukuna, katifa daga ƙarshe

Sabon shiga a ɗakunan hawa na Turai da Amurka yakan fara da gajeren bango marar igiya, mai tsawon mita 4 zuwa 4 da rabi, da katifa a ƙasa, saboda ba ya bukatar abokin riƙe igiya. Mai komawa bayan tiyata sai ya juya tsarin, wannan bangon ya zama na ƙarshe. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya faɗo daga mita 1 yana isa ƙasa da gudun kilomita 16 a sa'a, daga mita 2 kilomita 22 da ɗoriya, daga mita 4 kusan kilomita 32. A gajeren bango kowace faɗuwa ƙasa take kaiwa. Dabarar da ake koya wa masu hawa ita ce su dira da ƙafafu, su saki gwiwa, su mirgina baya da gadon baya a lanƙwashe. Bayan da aka haɗe ba ya lanƙwasuwa haka, sai ƙarfin dukan ya taru a bakin ƙarfen. Ko a lafiyayyen mutum, mahaɗar T12 da L1 ce ta fi yawan murƙushewa idan an faɗo a zaune.

Matakin farko shi ne tafiya a gicciye, ƙafafu ba su fi taki ɗaya daga ƙasa ba, yadda idan ka gaji sai ka sauke ƙafa ka taka. Daga nan sai igiyar sama, wadda ta ratsa ƙugiya a ƙolin bango ta sauko hannun abokinka. Kafin ka hau, ka ɗaura ɗamarar hawa ka rataya da ita dab da ƙasa na minti ɗaya ko biyu. Bel ɗin ɗamara yana zama ne a saman ƙashin kwankwaso, daidai saitin L4, wato ga mutane da yawa a kan tabon aikin. Idan tana danna wurin, ka nemi mai faɗi mai laushi, ko irin wadda ke kama kafaɗu da cinyoyi gaba ɗaya, wadda ake sa wa yara da masu juna biyu, domin tana riƙe mutum a miƙe. Kada ka rataya komai mai tauri a bayan ɗamara. Jakar alli ma a ɗaura ta da zare, ba da ƙugiyar ƙarfe da za ta zauna a kan ƙashin baya ba.

Akwai abin da ko tsofaffin masu hawa kan manta. Igiyar hawa tana miƙewa, da gangan aka yi ta haka don ta shanye fizga, kuma ƙa'ida ta yarda ta miƙe har kashi 10 cikin 100 da nauyin mutum kawai. A igiyar sama, lokacin da kake kusa da ƙasa ne igiya ta fi tsawo tsakaninka da abokinka. A bango mai mita 15, kusan mita 30 ne a waje, don haka zamewa a matakan farko na iya kai ka ƙasa ko da ya riƙe gam. Ka ce masa ya ja ta ta yi tauri har sai ka wuce tsawon mutum biyu. Wurin saukowa kuma ya sauke ka a hankali ba tsaye-tsaye ba, ya rage gudu kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Na'urar da ke sauke mutum da kanta ba ta jin magana, gudunta ɗaya ne, kuma ba ta barin ka huta a tsakiya, don haka ta zo bayan ka saba da hannun mutum.

A makonnin farko ka zaɓi hanyoyin da suka yi ƙasa sosai da ƙarfinka na da, uku ko huɗu a zama ɗaya, da hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Ka fuskanci bango da ƙirji, ka yi ƙananan matakai da yawa maimakon babba ɗaya. Idan za ka juya gefe don ka kai hannu nesa, ka juya a kan yatsun ƙafa, kafaɗa da kwankwaso su tafi tare. A ajiye tsalle zuwa mariƙi, da maƙala diddige sama da ƙugu, da bangon da ya rinjayo kanka, inda ƙafafu kan kuɓuce jiki ya yi lilo baya ya gantsare da ƙarfi. Idan za ka ƙara, ka ƙara abu ɗaya: ko yawan hanyoyi, ko wuyarsu, ko rinjayen bango. Yatsun hannu ma sun yi watanni ba su ɗauki nauyi ba, ka bi su a sannu.

Yadda za ka gane ko ka wuce gona da iri: tsamin tsoka a baya wanda ya wartsake kafin washegari ba abin damuwa ba ne. Zogin da ya baro baya ya gangara ɗuwawu, cinya, ko sha-raɓa, ko sagewar da ta dawo, jijiya ce ke magana. Ka tsaya, ka koma matakin da ka baro, ka sanar da likita. Kuma ranar da ka sha tramadol ko pregabalin, ba hawa, ba riƙe wa wani igiya.

Riƙe igiya ma aiki ne a kan baya, kuma mutane kan koma masa da wuri don suna ganin taimako kawai suke yi. Mai riƙewa yana tsaye kansa a ɗage na tsawon lokaci, abin da ke gallabar wanda aka yi wa aiki a wuya. Akwai tabarau mai madubi da ke nuna sama alhali kana kallon gaba, ya cancanci kuɗinsa. Idan mai hawan ya fi ka nauyi ya faɗo, ɗamararka za ta fizge ka sama ko ta buga ka da bango ba shiri. Ka fara da riƙe wa wanda bai kai ka nauyi ba, a igiyar sama.

Jan gaba, inda kake hawa da igiya a ƙasanka kana maƙala ta a ƙugiyoyi, yana zuwa ne bayan likita ya amince da faɗuwa, da wannan kalmar. Likitoci da yawa ba su san wasan ba, idan ka ce hawa sai su hango tsani. Ka nuna masa bidiyon faɗuwa a igiya da ta kan katifa, ka tambaye shi kowacce daban. Tsananin fizga ya danganta ne da tsawon faɗuwa idan an raba shi da tsawon igiyar da ke waje, shi ya sa gajeriyar faɗuwa a ƙugiya ta biyu ta fi doguwa a can sama zafi, ga kuma ƙasa kusa. Ka yi gwajin faɗuwa a saman bango, daga ƙasan ƙugiya, sannan daidai da ita, sannan sama da ita kaɗan, tare da abokin da ya iya bin igiya da jikinsa don tarewar ta yi laushi. Wannan gwaji yana maganin tsoro, tsoro kuwa na sa mutum ya sandare ya bugi bango a miƙe.

Za a ba ka labarin Kyra Condie, kuma labari ne na gaskiya. 'Yar Amurka ce daga Minnesota, an haife ta a 1996. A 2010 aka haɗe mata ƙasusuwa 10 saboda karkacewar baya da ta wuce digiri 70, bayan iyayenta sun bar likitan farko da bai ba ta ƙwarin gwiwar komawa hawa ba sun nemi wani. A 2021 ta wakilci ƙasarta a gasar Olamfik ta Tokyo, karon farko da aka sa hawan bango a gasar, ta zo ta 11. Abin koyi a wurinta shi ne ba ta iya murɗa baya ko gantsare shi kamar abokan karawarta, sai ta riƙa nemo tata hanyar bi a kowane bango. Amma a lura, tana da shekara 13 aka yi mata aikin, kuma a saitin ƙirji ne, inda dama motsin sunkuyo kaɗan ne. Ɗan shekara 45 da aka haɗe wa L4 zuwa S1 lissafinsa daban ne. Wasu za su koma komai. Wasu likita zai ce su bar dirowa kan katifa har abada, kuma igiya kaɗai ta ishi mutum hawa na tsawon rai. Idan an yarda maka da gajeren bangon, ka tsaya a rabin tsawonsa, ka sauko da hannu da ƙafa maimakon dirowa.

Dutse na gaske

A waje, hanyar zuwa gindin dutse takan fi hawan wahalar da baya. Igiya mai mita 70 kaɗai ta kai kilo 4, ga ƙugiyoyi, ga ruwa. Ka raba kaya, ka ɗaura bel ɗin jaka nauyin ya sauka a kwankwaso, ka riƙe sanda a gangara. Hular kwano dole ce. Ƙarshen igiya kuma a ƙulle shi kullum. A 2016 Alex Honnold, wanda duniya ta sani da hawa ba igiya, ya samu murƙushewar ƙashin baya a jihar Washington lokacin da ake sauke shi, igiyar ta gaza tsawo, ƙarshenta ya zare daga na'urar mai riƙewa.

Wanda zai hau duwatsunmu, irin Kufena a Zariya ko tsaunukan Shere a Jos, ya tuna cewa masu ceto da jirgi mai saukar ungulu irin na Chamonix a Faransa ba sa jiran kiransa. Abokan tafiyarka su ne masu cetonka, don haka su san aikin da aka yi maka tun kafin a tashi, kuma a san asibitin da za a nufa. Idan ka faɗi a kan baya, kada kowa ya ciccibe ka ko ya zaunar da kai. A bar ka a kwance, a riƙe kai da wuya, a ɗauke ka a kan abu mai tauri jiki a miƙe. Riƙewar fitsari ko zubarsa ba sani, sagewar gaba da tsakanin cinyoyi, ƙafar da ke ƙara mutuwa, waɗannan na asibiti ne a wannan sa'ar, ko dare ko rana, ko an faɗi ko ba a faɗi ba. Haka zazzaɓi tare da ruwa ko kumburi a wurin ɗinki. Ka ajiye hoton takardar aikinka da na ƙashinka a waya, ka faɗa wa likitan da ya karɓe ka lambar ƙasusuwan da irin ƙarfen da aka sa, kafin a kai ka ɗakin hoto.